Kwanson Tagulla da Tsohuwar Bindiga: Tarihin Harsashin Kyanwar Daji

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin Amurka sun koma gida da tsaraba iri-iri, kuma babu wadda ta kai bindiga farin jini. Dubban bindigogi ƙirar Mauser ta Jamus da ƙirar Arisaka ta Japan suka tsallaka teku da izinin hukumomin soja. Ƙarfensu nagari ne, aikinsu kuma na ƙwararru. Sai da lokacin farauta ya zo masu su suka gane inda gizo ke saƙar: shagunan gari ba sa sayar da harsashin Japan, na Jamus kuwa sai an yi da gaske kafin a samu. Bindigar da babu abin da ya same ta sai ta koma kayan ado a jikin bango.

Abin da ke jibge a Amurka a lokacin shi ne kwanson harsashin sojan ƙasar, wanda ake kira .30-06, wato mai faɗin kashi 30 cikin 100 na inci, wanda aka fara aiki da shi a 1906. Yaƙi ya bar shi rututu, kuma da arha. Maƙeran bindiga suka auna, suka ga gindinsa da gindin kwanson Mauser kusan ɗaya ne, wajen milimita 12. Bambancin yana ga tsawo, domin na Amurka milimita 63 ne, na Jamus 57, sai kuma faɗin baki, inda na Jamus ya ɗan fi. Sai suka ƙara zurfin gurbin da harsashi ke zama a cikin bindigar Jamus har ya ɗauki tsawon kwanson Amurka, suka kuma buɗa wuyan kwanson har ya karɓi ƙwaya mai milimita 8. Abin da ya fito harsashi ne da ba ya cikin jerin kayan kowace masana'anta. Aka raɗa masa suna 8mm-06, rabi Jamus, rabi Amurka.

Irin wannan harsashi, wanda mutum ke siffantawa da hannunsa daga kwanson wani harsashin dabam, Amurkawa suna kiransa da sunan kyanwar daji. Tsohon laƙabi ne a harshensu ga duk abin da ya fita daga ƙarƙashin tsari: bankunan ƙarni na 19 da ke buga takardun kuɗi ba tare da isasshen jari ba, rijiyar mai da aka haƙa bisa sa'a, yajin aikin da uwar ƙungiya ba ta amince da shi ba. Tarihin harsashin kyanwar daji ya taso ne daga gaskiya guda: bindiga ta fi harsashinta tsawon rai. Ƙarfen da aka kula da shi yana shekara ɗari yana aiki, amma samuwar harsashi tana hannun masana'anta da kasuwa da doka, kuma kowanne daga cikin ukun yana iya katse ta. Duk lokacin da aka katse, sai an samu waɗanda suka koma ga kwanson da aka harba aka jefar, suka sake masa siffa.

Aikin kwanso

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: ƙwayar da ke fita, albarushin da ke tura ta, ɗan ƙyastun da ke gindi wanda ke kunna albarushin idan allurar bindiga ta doke shi, sai kwanson da ya tattara su duka. Uku daga ciki suna ƙarewa da harbi ɗaya. Kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne mafi tsada da wuyar ƙerawa.

Aikinsa ya wuce na mazubi. A daidai lokacin harbi, matsin iskar da ke cikin .30-06 yana iya kaiwa fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, kusan ninki 2,000 na iskar tayar mota. Kwanson yana kumbura ya manne da bangon gurbinsa, ya toshe duk kafar da wuta za ta bi ta dawo fuskar maharbi. Da matsin ya sauka sai ya ɗan tsuke, ya saki bangon, a zare shi cikin sauƙi. Ƙarfen da ya fi dacewa da wannan kumburi da tsukewa shi ne tagullar da aka haɗa daga kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya.

Tagulla tana da ɗabi'u biyu da suka sa sana'ar ta yiwu. Idan ana matsa ta ana lanƙwasawa, taurinta ƙaruwa yake yi har ta kai ga tsagewa. Idan kuma aka gasa ta da wuta, sai laushinta ya dawo. Maƙerin da ya saba da wuƙa da gatari ya san tsoma ƙarfe mai zafi cikin ruwa yana taurara shi, amma tagulla ba ta bin wannan ƙa'ida: ko an tsoma ta ko an bar ta ta huce da kanta, laushin na nan. Kwanso nagari yana da hali biyu a jiki ɗaya, wuya da kafaɗa masu laushi, gindi mai tauri. Shi ya sa mai gyaran kwanso ke gasa wuyan kawai. Wutar da ta gangara zuwa gindi ta kashe kwanson, domin gindi mai laushi ba ya riƙe matsi. Launin shuɗi-shuɗin da ake gani a wuyan kwanson sojan Amurka sawun wannan gashi ne. Masana'antu suna goge shi daga harsashin kasuwa don ado, soja kuwa suna so a bar shi a matsayin shaida.

Hanyoyin sake siffa biyu ne. Ta farko ita ce a shafa wa kwanso mai, a tura shi da ƙarfin hannu cikin wani dunƙulen ƙarfe da aka rarake da siffar da ake so, wanda za a iya kira mamatsi. Da shi ake tsuke wuya ko buɗa shi, ake kuma tura kafaɗa baya, sannan a yanke abin da ya yi rara. Ta biyu ita ce a bar wuta ta yi aikin: a harba kwanson a cikin gurbin da ya fi shi girma, matsin harbin ya hura shi ya cika gurbin, ya fito da sabuwar siffa. Kowace hanya tana da ladan wahalarta. Wuyan da aka tsuke yana ƙara kauri, kuma idan ya yi yawa sai ya riƙe ƙwaya gam, matsi ya haura. Wanda aka buɗa yana yin siriri, ya riƙa tsagewa da wuri.

Sojoji ne suka fara

Kwanson tagulla ya zama kayan yaƙi na yau da kullum a shekarun 1860. A 1866 mutum biyu suka yi rajistar ƙyastu iri biyu: Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila, da Kanar Hiram Berdan na Amurka. Ƙyastun Boxer yana aiki da huda guda a tsakiyar gindin kwanso, wadda za a zura tsinke ta ciki a ture tsohon ƙyastu a sa sabo. Na Berdan yana aiki da ƙananan hudoji a gefe, cire shi kuwa jan aiki ne. Sai tarihi ya yi musaya: Turai ta rungumi ƙirar Ba'amurken, Amurka ta rungumi ta Baturen Ingila. Wannan ɗan bambanci ya taimaka wajen mayar da Amurka cibiyar sake cika harsashi. Mafarautan ɓaunar Amurka na shekarun 1870 suna cika kwansonsu a sansani, nesa da kowane shago, kuma daga 1884 kamfanin Ideal na John Barlow ya riƙa sayar da kayan cikawa na hannu ga duk mai so.

Dabarar tsuke wuyan tsohon kwanso kuwa, manyan rundunoni ne suka fara cin gajiyarta. Bindigar Martini-Henry, wadda Birtaniya ta ɗauka a 1871, tana cin harsashi mai suna .577/450. Sunan da kansa asali yake faɗa: gindin harsashin Snider ne mai faɗin .577, aka tsuke wuyansa zuwa .450. Kwanson farko na siririn fallen tagulla ne da aka naɗe, kuma yakan maƙale idan bindiga ta yi zafi. Ƙorafin sojoji daga yaƙin Zulu na 1879 da yaƙe-yaƙen Sudan na 1884 zuwa 1885 ya sa aka koma ga kwanso mai jiki ɗaya.

Faransa ta bi wannan hanya cikin gaggawa. A 1884 Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, ministan yaƙi Janar Boulanger kuma ya matsa a fito da sabuwar bindiga ba tare da ɓata lokaci ba. Sai aka ɗauki kwanson Gras mai milimita 11 aka tsuke shi zuwa 8, aka samu harsashin Lebel na 1886. Faransa ta riga kowa, amma ta biya kuɗin gaggawar. Kwanson yana da faffaɗan gindi da jiki mai tsananin gangara, siffar da ta wahalar da bindigoginta masu sarrafa kansu a Yaƙin Duniya na Farko, har sai da ta sauya shi a shekarun 1920.

Zamanin ƙananan maƙera

Sabon albarushi ya buɗe fagen gwaji, kuma tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ƙananan maƙeran Amurka suka cika shi. Kayan aikinsu rarar bindigogin soja ne masu sakata, da kwanson .30-06 da na 7x57 Mauser. Wajen 1920 A. O. Niedner ya tsuke .30-06 zuwa .25, ya samu harsashi mai gudu da nisan zango. A 1922 aka yi akasin haka. James Howe, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Kanar Townsend Whelen a ma'aikatar makamai ta Frankford, ya shiga aikin buɗa kwanson zuwa .35, aka sa wa harsashin suna .35 Whelen. Manufar a fili take: talakan mafarauci ya samu abin da zai tunkari manyan namun daji da shi a cikin bindigar soja ta gama-gari, ba tare da sayen bindigar Landan mai tsada ba. Ned Roberts shi kuma ya shafe shekaru yana gwaji da kwanson 7x57 wanda ya tsuke zuwa .25.

Wannan na Roberts shi ne daga baya ya ceci bindigogin Japan da sojoji suka kawo gida. Maƙera suka riƙa rarake gurbin Arisaka mai milimita 6.5 ya ɗauki kwanson .257 Roberts da aka ɗan buɗa wa wuya. Kwanson da Bajamushe ya zana, Sifaniya ta ɗauka a 1893, Ba'amurke ya tsuke, shi ne ya ƙare a cikin bindigar Japan. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Ƙarancin lokacin yaƙi ma ya haifi kamfanoni. A 1943, sa'ad da masana'antu suka karkata ga bukatun soja, Fred Huntington na garin Oroville a Kalifoniya ya fara ƙera mamatsin da ke mayar da kwanson ƙaramin harsashi na .22 da aka harba ya zama rigar sabuwar ƙwaya. Daga nan kamfanin RCBS ya samo asali, wanda har yau yana cikin manyan masu ƙera kayan cika harsashi.

Sunan da ya fi shahara a wannan fage shi ne P. O. Ackley, wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1989, ya kuma koyar da ƙirar bindiga a kwalejin garin Trinidad a jihar Kolorado. Dabararsa ita ce a rage gangarar jikin kwanso, a miƙar da kafaɗa zuwa kusurwar digiri 40, ta yadda kwanson zai ɗauki ƙarin albarushi kaɗan, ya kuma rage miƙewa. Gwanintar tsarin ita ce harsashin kasuwa yana shiga sabon gurbin lafiya. A harba shi, ya fito da siffar Ackley. Littafinsa na 1962 ya zama abin dubawa ga masu sana'ar. Sai dai da na'urar auna gudun ƙwaya ta yi araha, aka gane cewa yawancin ƙarin gudun da masu kyanwar daji ke alfahari da shi ko dai bai kai yadda ake faɗa ba, ko kuwa daga ƙarin matsi ya fito, ba daga siffar kafaɗa ba.

Inda doka ta auna bakin bindiga

A Amurka sha'awa da ƙarancin kaya ne suka tura sana'ar. A wasu ƙasashen doka ce. Gwamnatoci sun daɗe da sanin cewa wanda ya riƙe harsashi shi ya riƙe bindiga, kuma Afirka ta ƙarni na 19 ta koya musu cewa kwanson da aka harba bai mutu ba. A 1883 mayaƙan Mahadi suka murƙushe rundunar Hicks Pasha a Shaikan da ke Kurdufan, suka kwashi dubban bindigogi ƙirar Remington, daular da suka kafa kuma ta riƙe ma'aikatun sake cika kwanso. A Yammacin Afirka maƙeran Samori Ture suna gyara bindigogin Turawa, suna kwaikwayon ƙirarsu, suna cika harsashi, har zuwa kama shi a 1898. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan ƙasa bindigogin zamani da harsasansu tsakanin layin digiri 20 a arewa da na 22 a kudu, yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa baki ɗaya. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindigar ƙyastu da baƙin albarushi.

Da wannan tunani ne wajen 1907 hukumomin Birtaniya suka hana shigar da bindigogi da harsasai masu awon .450 cikin Indiya da Sudan. Tsoronsu shi ne bindigogin Martini-Henry da suka faɗa hannun masu tawaye, domin ana iya zare ƙwayar harsashin farauta mai wannan awo a ciyar da su. Dokar ta faɗa kan .450 Nitro Express, wanda kamfanin Rigby ya fito da shi a 1898, kuma shi ne abin dogaron mafarautan giwa. Kamfanonin Landan ba su yi jayayya ba. Suka ɗauki kwanson .500 suka tsuke shi zuwa awon da doka ba ta ambata ba: Holland & Holland ya fito da .500/465, Joseph Lang ya fito da .470. Ƙarfin harbin bai canza ba, lambar ce kawai ta canza, kuma .470 ya zama mafi shahara a jinsinsa har yau.

Jamus ta ga irin wannan bayan Yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda ta ƙayyade sojanta a mutum 100,000, ta kuma sa ido a kan makaman soja. Mafarautan Jamus da ke da bindigogi masu cin 8x57 suka kai su wurin maƙera aka ƙara wa gurbin tsawon milimita 3. Harsashin 8x60 ya samu ke nan, bindiga ɗaya, bututu ɗaya, amma a takarda ta daina zama ta soja. Faransa ma, daga dokarta ta 1939 har zuwa gyaran 2013, ta sa awon soja cikin kayan yaƙi, abin da ya sa maƙeranta suka shafe shekaru suna canza gurbin tsofaffin bindigogi.

Ƙasar da wannan al'ada ta fi kafuwa ita ce Ostireliya. Bayan 1945 ƙasar cike take da bindigar Lee-Enfield mai cin .303, wadda masana'antar Lithgow ke ƙerawa tun shekarun 1910, kuma irinta ce sojojin Najeriya suka riƙe a dazuzzukan Bama. Manoma da makiyaya suna bukatar bindiga saboda dila da aladun daji da kangaru, shigo da sabuwa daga waje kuma yana da tsada. Ga shi jihar New South Wales ta taƙaita mallakar bindiga mai awon soja. Maƙera suka fito da mafita biyu. Wasu suka rage gurbin da wajen milimita 2, ta yadda harsashin soja ba zai shiga ba, aka kira wannan 7.7x54. Wasu suka sa sabon bututu mai ƙaramin rami, suka tsuke kwanson .303 zuwa .25 ko .22 ko .270. Wanda ya fi karɓuwa shi ne .303/25, domin ƙwayarsa marar nauyi tana tafiya a miƙe, ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma ba ta lalata fatar dabba. Bukata ta yi yawa har kamfanin Sportco na Adelaide ya riƙa sayar da bindigogin a shirye, kamfanoni irin su Super Cartridge da Riverbrand kuma suna cika harsashin a kwali.

Kuɗin fita daga ma'auni

Harsashin kasuwa yana da garkuwar da mai saye ba ya gani. Tun 1914 ƙasashen Turai suka kafa hukumar CIP, masana'antun Amurka kuma suka kafa SAAMI a 1926. Aikinsu shi ne rubuta awon kowane kwanso da gurbinsa da iyakar matsinsa, ta yadda harsashin wannan kamfani zai shiga bindigar wancan ba tare da haɗari ba. Kyanwar daji ba ta da wannan rajista. Maƙera biyu suna iya amfani da suna ɗaya alhali kafaɗar gurbinsu ta bambanta, kamar yadda ya faru da .25-06 da .303/25 shekaru da yawa. Idan kwanso ya gaza gurbinsa tsawo fiye da kima, harbi yana miƙa shi har ya tsinke kusa da gindi, iska mai zafi ta fito ta baya.

Ƙanƙantar bambancin da ke iya jawo ɓarna tana da ban tsoro. Harsashin Jamus na 1888 yana da ƙwaya mai faɗin milimita 8.08. A farkon ƙarni na 20 aka koma 8.20, amma tsofaffin bututu ba su ɓace ba, kuma duka biyun sunansu 8x57. Saboda tsoron kada a sa babbar ƙwaya a ƙaramin bututu, ma'aunin Amurka ya tsayar da matsin wannan harsashi a fam 35,000, alhali na Turai ya haura 56,000. Tazarar da ba ta wuce kaurin takarda ba ita ta raunana harsashin Mauser na kasuwar Amurka har yau.

Shi kansa tsohon ƙarfe ba duka ya zama ɗaya ba. Bindigogin Springfield na 1903 masu lamba ƙasa da 800,000 an ƙona ƙarfen wasunsu wajen ƙira, ya yi gautsi, wasu kuma sun fashe a hannun masu su. Janar Julian Hatcher ya tattara bayanan waɗannan haɗurra a littafinsa na 1947. Lee-Enfield tana kulle sakatarta ne daga baya, don haka tana ɗan bayarwa a ƙarƙashin matsi, kwansonta kuma ba ya daɗewa. Ackley ya riƙa cika bindigogin soja fiye da kima da gangan har su fashe, don ya ga iyakar kowace, kuma Arisaka ta Japan, wadda Amurkawa ke rainawa, ta fito cikin mafiya ƙarfi.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa yana rubuce a gindin kwanso. Kowace masana'anta tana buga sunan harsashi a wurin, kuma sake siffa ba ya goge rubutun. Kwanson da ke ɗauke da tambarin .30-06 yana iya kasancewa .35 Whelen ne ko 8mm-06. Bindigar ma sau da yawa tana ɗauke da tsohon tambarinta alhali an canza gurbinta. Muddin mai ita yana raye, ilimin yana kansa da littafin ajiyarsa. Idan ya rasu magada suka sayar, sai a samu bindiga mai faɗar abu ɗaya, harsashi mai faɗar wani, kuma dukansu ba gaskiya suke faɗa ba. Shi ya sa maƙeri mai hankali ba ya yarda da tambari. Yakan narka farar wuta ko wani ƙarfe mai saurin narkewa ya zuba a gurbin, ya bari ya daskare, ya zaro ya auna.

Daga daji zuwa gida, da komawa

Masana'antu sun daɗe suna kallon waɗannan maƙera a matsayin ɗakin gwaji na kyauta. Abin da ya karɓu a hannun mafarauta sai kamfani ya ɗauka, ya tsayar masa da awo, ya buga masa tambari. Remington ya karɓi .257 Roberts a 1934. Harsashin .22-250, wanda aka tsuke daga .250 Savage a shekarun 1930, ya jira har 1965. Na Niedner, .25-06, ya shiga kasuwa a 1969, kusan shekara 50 bayan haihuwarsa, .35 Whelen kuma a 1988, bayan shekara 66. Ɗaya daga cikin ƙirar Ackley, .280, ta samu rajistar SAAMI a 2008, shekara 19 bayan rasuwarsa. Har kwanson dangin Kalashnikov bai tsira ba: a 1975 Louis Palmisano da Ferris Pindell suka fito da harsashin PPC daga wani kwanson Rasha mai asali da 7.62x39, kuma nau'insa mai milimita 6 ya mamaye gasar daidaiton harbi shekaru da dama.

Hanyar kuma tana komawa baya. Da dokokin Ostireliya suka sassauta, bindigogin waje masu cin .222 Remington da .243 Winchester suka cika shaguna, kamfanonin cikin gida suka daina cika .303/25. Wanda ya gaji irin wannan bindiga daga kakansa yau ya koma inda maƙeran shekarun 1940 suka fara: kwanson .303, mamatsi, da wutar gasa wuya.

Ita ma Martini-Henry ta sake dawowa. A 2003 wasu dillalan kayan tarihi daga Amurka suka sayi tsohuwar ma'ajiyar makaman Nefal da ke fadar Lagan Silekhana a Katmandu, mai ɗauke da bindigogi fiye da 50,000, cikinsu har da Snider da Martini-Henry da suka shafe kusan ƙarni guda a ƙura. Da suka isa hannun masu tara kayan tarihi, tsohuwar matsala ta taso, domin an daɗe da daina cika .577/450 da yawa, kwanson da ƙananan kamfanoni irin su Bertram na Ostireliya ke yi kuma yana da tsada. Sai aka lura cewa kwanson tagulla na bindigar tsuntsaye mai lamba 24, wanda kamfanin CBC na Barazil ke yi, gindinsa ya yi kusa da na Martini. Ana gasa shi, a tsuke kaɗan, a sake gasawa, a sake tsukewa, mataki bayan mataki, wasu su lotse a hanya a zubar. Waɗanda suka tsira ana cika su da baƙin albarushi da ƙwayar dalma, kamar yadda aka yi a 1871. A gindin kowannensu lambar 24 tana nan, kuma mai aikin da ya san abin da yake yi yana rubuta ainihin awon a jikin kwalin, saboda wanda bindigar za ta faɗa hannunsa bayansa.